Ruwan da Aka Tsare Shi ke Ciyar da Gari

Laccar wayar da kai ga masunta da jama'ar ƙasar Jere



Zancen da ya tara mu a nan yau zancen ruwa ne da kifi. Kakanninmu na wannan ƙasa sun san kogin Gurara yana cika da damina, yana janyewa da rani. Amma tun da Gwamnatin Tarayya ta datse shi, sai ga tafki ya kwanta kusa da mu, wanda ke iya riƙe ruwa lita biliyan 880. Daga nan ne aka ja bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar ruwa ta Usuma domin mutanen Abuja su sha, aka kafa injunan lantarki na megawat 30, aka kuma shirya noman rani na Azara da Jere. Masunta sun taho daga wurare dabam dabam sun sauka a gaɓarsa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ta wace hanya za mu ci amfanin wannan ruwa ba tare da mun kashe shi ba? Domin amsa ta, zan ba ku labarin garuruwa biyu na masunta, ɗaya a bakin teku, ɗaya a ƙasarmu.

Garin Watamu

Watamu wani ɗan ƙaramin gari ne a ƙasar Kenya, a bakin Tekun Indiya, sama da kilomita 100 arewa da birnin Mombasa, kusa da Malindi. Asalinsa ƙauyen masunta ne. Abin da ya fito da sunansa a duniya kuwa shi ne farin rairayin da ke gaɓarsa, da duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwansa. Shi murjani, ko da yake kama da dutse yake yi, wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi sannu a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma a cikin saƙo-saƙonsa ne kifaye iri iri ke ɓuya, su ci abinci, su hayayyafa.

A cikin shekarar 1968 Gwamnatin Kenya ta keɓe wani yanki na wannan ruwa, ta hana su a cikinsa ƙwata-ƙwata. Kewaye da shi kuma aka bar wani yanki mafi faɗi inda aka yarda masunta su yi su da kayansu na gargajiya. Wannan yana daga cikin gandayen ruwa na farko da aka kafa a Afirka. A 1979 Hukumar Ilmi da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa yankin Malindi da Watamu cikin wuraren da duniya ke kula da halittunsu.

To, me ya biyo baya? Kifin da ke cikin gandun ya samu sararin girma, ya yi ƙwai da yawa, wani kuma yana fantsama zuwa inda masunta ke jiransa. Baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashen Turai da sauran wurare, suna goya tulun iska a baya, su sa tabarau na ruwa, su yi nutso domin kallon kifi kawai. 'Ya'yan masunta suka zama masu tuƙa baƙi cikin jiragen da aka yi wa gindi da gilashi, wasu suka zama jagororin nutso, wasu suna kai kifi otal-otal. Hatta kififfiyar teku, wadda a da idan ta faɗa taru sai tukunya, daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara shirin ba masunci ɗan lada idan ya kawo ta da rai domin a mayar da ita ruwa. Kifin da aka kama sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka bari a gandu kuwa kullum ana biyan kuɗin kallonsa, yana kuma haifar waɗanda za a kama gobe.

Kada in ɓoye muku ɗaya gefen labarin. A 1998 ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, murjani mai yawa ya yi fari ya mutu a gaɓar Kenya. Masu otal sun saye filayen bakin ruwa, har hanyar da masunci ke bi ya kai jirginsa ta ƙuntata a wasu wurare. A 2020, lokacin annobar korona, baƙi suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka dogara da su kaɗai suka shiga wahala. Saboda haka garin da ya yar da sana'arsa ta asali domin baƙo ya yi ganganci.

Akwai kuma wani abin lura. A Kuruwitu, wani ƙauye da ke kudu da Watamu, masunta ne da kansu suka kafa ƙungiya a 2003, da suka ga kifi yana ƙarewa. Daga baya suka keɓe hekta 30 na ruwansu suka hana kansu su a ciki. Suna kiran irin wannan wuri tengefu, watau abin da aka ware, da harshen Suwahili. Kifi ya dawo, wasu ƙauyuka suka kwaikwaye su, a 2017 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo. Ba soja aka kai ba, ba ɗan sanda, yarjejeniya ce tsakanin masu ruwa.

Garin Argungu

Wataƙila wani zai ce wannan dabarar mutanen teku ce. To, mu dawo gida. Kabawan Argungu sun san wannan hikima tun kafin a kafa gandun Watamu. Sun gaji gyaran ruwa da fashin ruwa, watau ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya buɗe su. Ruwan Matan Fada kuwa tsare shi ake yi duk shekara, sai ranar biki. Bikin kamar yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta kan faɗa ruwa da homa da gora a lokaci guda, ana kuma yin wasannin kabanci, da suka haɗa da tseren kwalekwale, da iyo, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da ɗan Adam ya gada. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Ku tambayi kanku, ina giwan ruwa zai kai wannan nauyi a ruwan da ake tacewa dare da rana?

Argungu ma tana da nata gargaɗin. Bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi wani ba, kuma rashin tsaro yana daga cikin dalilai. Mu nan ba sai an gaya mana ba, mun ga yadda jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016 yana da tasha a Jere, ya tsaya cik wata da watanni bayan harin Maris 2022. Baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke barci da ido ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Tafkin Gurara ba teku ba ne. Ba shi da murjani, ruwansa kuma ba garau yake ba, balle wani ya biya kuɗi ya yi nutson kallo. Amma muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, watau babban birnin ƙasa a maƙwabtaka, da hanyar mota, da tashar jirgi. Mutumin Abuja da ke son ɗanyen kifi, ko ya zauna a inuwa a bakin ruwa ranar hutu, ba shi da nisan tafiya. A kudancin jihar nan kuma ga magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan. Amma duk wannan ya rataya ne a kan abubuwa biyar.

Na farko, a bar zuba guba. Gamalin da magimfa ba su zaɓen babba da ƙarami, suna kashe uwa da ƙwai, kuma wannan ruwa shi ne mutane ke sha a nan da Abuja. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta su da guba, da nakiya, da lantarki.

Na biyu, a lura da idon taru. Dokar nan ta ƙayyade milimita 76, watau inci 3, in ban da wasu kayan kamun ƙananan kifaye da ta ambata. Wanda ya ja gidan sauro a ruwa ya kwashe 'ya'yan ƙarfasa da tarwaɗa kafin su yi ƙwai ko sau ɗaya. Masuntan tafkin Kainji sun ga irin ɓarnar da tarun dala ya yi, har aka hana shi a can a 1999.

Na uku, a ware wurin haihuwa. Ƙarfasa a gefen ruwa marar zurfi take gina gurbinta, irin ta Nilu kuma a baki uwa ke riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa cikin ciyawar da ruwa ya malale da farkon damina take zuba nata. Sarakunan ruwa da dattawan masunta sun fi kowa sanin waɗannan lungunan. Su zauna da hukumar da ke kula da madatsar, a shata su, a kafa alama, a sa ranar rufewa da ranar buɗewa, kowa ya sani.

Na huɗu, a kiyaye rai da lafiya. Kada a cika wa kwalekwale kaya, kada a shiga ba rigar kariya, kada a tuƙa da dare, kada yaro ya yi iyo kusa da inda injuna ke zuƙar ruwa. Tsargiya kuma a kwantaccen ruwa take yaɗuwa ta hanyar wani ɗan dodon koɗi, idan ana fitsari ko bayan gida a ciki. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Na biyar, kada a yi gaggawar rabuwa da filayen gaɓa. Idan masu kuɗi suka zo da maganar gina masauki, a tabbata an rubuta cewa mashigar masunta da mashayar dabbobi suna nan a buɗe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Jama'a, Gwamnati tana iya gina madatsa, ta kafa doka, amma ba ta iya tsayawa a kowane lungu da tsakar dare. Mai zuba gamalin ɗan wani ne a cikinmu, kuma an san shi. Ina roƙon sarakunan ruwa su kira taron masunta kafin ruwan bana ya sauka, a fara da lungu ɗaya tak, a tsare shi shekara biyu, sa'an nan a auna kifin da ake samu kewaye da shi a gwada da na da. Sai an gwada akan san na ƙwarai.