Ciwon Zuciyar Kare: Yadda Za a Rage Kashe Kuɗin Magani

Jawabi ga mafarauta da makiyaya

Jawabin yau a kan kare ne. Wani zai yi dariya, ya ce kare ma har da ciwon zuciya? To, a tambayi mafarauci. Shi ya san wahalar da ake sha kafin kare ya iya bin sawun zomo ko gada. Makiyayi ma ya san aikin da karensa ke yi masa da dare a ruga. Idan irin wannan kare ya kwanta, an yi asara.

Abu biyu za a kula da su. Na farko tsufa. A cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa baya. Idan kare ya tsufa, sai su daina rufuwa sosai, ruwa ya taru a huhu. Na biyu tsutsa ce. Sauro ke ɗauko 'ya'yanta daga jinin kare mai ciwo, ya zuba wa lafiyayye. Cikin wata 6 ko 7 ta girma. Tsawonta kan kai santimita 30, kamar rular 'yan makaranta. Takan yi shekara 5 zuwa 7 a zuciya da jijiyoyin huhu.

Kare mai ciwon zuciya yakan yi tari, ya riƙa gajiya da wuri. Wanda ke gaba a farauta sai a gan shi a baya. Wani cikinsa ya kumbura da ruwa, alhali ga haƙarƙari a waje.

Akwai awon da ba ya cin ko kwabo. Idan kare yana barci, a duba ƙirjinsa. Ya tashi ya sauka, ɗaya ke nan. A ƙirga har minti ɗaya. Lafiyayyen kare ba ya wuce 30. Idan ya wuce yau, ya wuce gobe, sai asibitin dabbobi.

To, ina kuɗi ke zurarewa? A kasuwa. Mai kare ya ji tari, ya sayi kafso wurin mai talla. Bai yi ba. Kasuwa ta zagayo, ya sayi wani. Kafin ya je wurin likita ya kashe kuɗin magani sau uku, ciwo kuma ya yi nisa. Araha ba ta ado. Wani ma farasitamol ko ibufurofen yake ba kare. Na farko yana iya lalata masa hanta, na biyu ya ci masa ciki da ƙoda.

Sai allurar ivermectin, wadda ake yi wa shanu. Gaskiya ne maganin yana hana tsutsar zuciya girma. Amma abin da kare ke bukata ɗan kaɗan ne ƙwarai, sau ɗaya a wata. Kuma idan 'ya'yan tsutsar sun riga sun cika jini, mutuwarsu lokaci guda tana iya kashe karen. Shi ya sa likita ke fara auna jini.

A asibiti, mai kare ya faɗa wa likita ƙarfin aljihunsa, ba kunya. Maganin furosemide, mai fitar da ruwan huhu ta fitsari, ba shi da tsada. Shi ne dai wanda ake ba mutane, amma likita ke yanka adadi daidai nauyin kare. Pimobendan, mai ƙara wa zuciya ƙarfi, shi ne mai tsada. A roƙi likita ya rubuta ainihin sunan magani, ba sunan kamfani ba, don a kwatanta farashi a kemis biyu ko uku. A duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai daina aiki. Kada a ajiye shi a rana.

Zuciyar da tsufa ya taɓa ba ta komawa sabuwa, lallaɓa ta ake yi. Kada a tsayar da magani don an ga tari ya tafi. A ajiye wa karen ruwan sha kullum, domin zai riƙa yawan fitsari. A daina ba shi sauran miya mai gishiri da dunƙule. Farauta kuwa ya huta.

Mafarautan gari ɗaya suna iya haɗa kuɗin mota, su gayyato likita ya duba karnukansu rana ɗaya. A ranar sai a yi musu allurar rigakafin haukan kare gaba ɗaya.