Muryar Ɗalibi da Wayar Malami: Shirya Gajeren Labari Mai Hoto da Sauti a Aji



An nemi in yi magana a kan yadda malami zai sa ɗalibansa su haɗa gajeren labari da murya da hoto a waya ko kwamfuta. A shekarun 1990, a jihar Kalifoniya ta Amurka, Dana Atchley da Joe Lambert suka fara tara mutanen da ba su taɓa shirya fim ba, suna koya musu su ba da labarin rayuwarsu cikin 'yan mintoci. Cibiyarsu ta zauna a Berkeley, yau sunanta StoryCenter. A 2001 BBC ta kai wannan salo yankin Wales na Birtaniya, inda mai ɗaukar hoto Daniel Meadows ya riƙa koyar da shi bisa awo mai tsauri: kalmomi kamar 250, hotuna kamar 12, minti 2, kuma mai labarin ne zai karanta da bakinsa.

Wannan awo shi ne abin da nake so ku tafi da shi. Duk wanda ya taɓa duba insha'i ya san abin da yaro ke kawowa idan aka ce ya rubuta a kan garinsu: shafi biyu na hadda, babu shi a ciki. Amma ku ce masa muryarsa za a naɗa, 'yan ajinsu za su saurara, kuma minti 2 kawai gare shi. Nan take zai fara tambayar kansa wace jimla ce ta cancanci zama, wacce za a zubar. Ai wannan tankaɗe da rairaya shi ne koyon rubutu, abin da muka daɗe muna nema da jan biro bai samu ba.

Saboda haka waya ita ce ta ƙarshen shigowa aji. Da farko a zauna a da'ira, kowa ya faɗi labarinsa da baki, sauran su yi masa tambaya. Sannan ya rubuta, ya rage, ya karanta da ƙarfi har harshensa ya daina tuntuɓe.

Mu ɗauki yarinya 'yar ƙaramar sakandare wadda kakarta ke yin daddawa. Dole ta zauna gaban tsohuwar ta ce, "Kaka, bayan an dafa kalwa sai me?" Za ta ji yadda ake surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa yadda ake so, a kirɓa, a shanya. Za ta ɗauki hoton hannun kaka a bakin tukunya, ta naɗi ƙarar taɓarya a turmi. Idan ta dawo, malamin kimiyya ya samu ƙofar bayanin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kalwa, malamin Hausa ya samu kalmomin da babu su a littafin aji, yarinyar kuma ta gane cewa akwai ilimi a tsakar gidansu. Ina ganin wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi, musamman ga yaran da aka saba nuna wa cewa duk abin sani daga waje yake zuwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya ɗaya ta ishi yara biyar. Audacity kyauta ce ga mai kwamfuta, CapCut ko KineMaster kuma suna haɗa hoto da murya a waya. A sa Gboard a kan Hausa domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a rubutun allo. Ku fi damuwa da sauti: mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu, amma muryar da hayaniya ta cinye ba ya jure mata. A naɗa bayan an tashi daga makaranta, a rufe ƙofa da taga. Yara za su so cusa waƙar fim a ƙarƙashin komai. Ku hana, don tana danne murya, kuma tana da mai ita.

Akwai amana a wannan aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, tarbiyyarmu ma ta riga doka faɗin haka. Matar da ba ta son fuskarta ta fita, a ɗauki hannunta ko kayan sana'arta. Wani yaro zai kawo labarin rasuwar mahaifinsa, ko daren da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauye. Kada a hana shi, kada kuma a tilasta masa nunawa, balle a ɗora a Facebook ko TikTok don a yabi makaranta.

Wajen ba da maki, a duba rubutun, da jerin labarin, da fitar murya, da dacewar hoto da magana. Kyan kyamara kada ya samu ko maki ɗaya, in ba haka ba ɗan mai kuɗi zai riƙa zuwa na ɗaya da wayar babansa.