Kuskuren Da Kompaila Ba Ta Faɗa



Duk wanda ya rubuta shirin fitar da matsakaicin maki cikin harshen C, kompaila ta zubo masa ƙorafi 20, kada ya karaya. Ya gyara na farko tukuna. Sau da yawa waƙafi mai ruwa guda ne ya ɓace a layin sama, sauran ƙorafin duk 'ya'yansa ne.

Abin tsoro shi ne inda ta yi shiru. Jeri mai gurbi 10 daga 0 yake farawa ya tsaya a 9, saɓanin Fortran. Ka taɓa gurbi mai lamba 10, ba lalle ta ce uffan ba. Haka nan 7 a raba 2 cikin cikakkun lambobi, 3 za ta ba ka. Rabin makin da ya salwanta kuwa ya isa ya kayar da ɗalibi a jarrabawa.