Yarjejeniyar Yadin Auduga: Wucin Gadin da Ya Wuce Shekara 40

Muna gaida mutanen Kwaya, da na Magarya, da na Dungas, da sauran garuruwan jihar Damagaram. Yau hirarmu a kan tufafi take. Kowa ya dubi rigar da ke jikinsa, ko zanen da ta ɗaura. A ina aka saƙa shi? Yawancinmu ba mu sani ba. To, akwai wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin gwamnatocin duniya wadda take da hannu cikin amsar.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasar Japan ta tada masaƙunta na inji. Honkon, da Indiya, da Pakistan su ma suka shiga. Ladan ma'aikaci a can kaɗan ne, saboda haka yadinsu yana da araha. Ya shiga kasuwannin Amurka da Ingila, mutane suka yi ta saye. Masu masaƙun Amurka suka ga ciniki yana kuɓuce musu, suka kai kuka ga gwamnatinsu. A 1957 Japan ta yarda ta rage yadin audugar da take kai wa Amurka. An ce don kanta ta yi, amma kowa ya san matsa mata aka yi.

Da Japan ta rage, wasu suka cike gurbin. Sai shugaban Amurka Kenedi ya nemi a zauna gaba ɗaya. Aka zauna a birnin Janeba ta ƙasar Suwis, ƙarƙashin tsarin cinikin duniya da ake kira GATT. A 1961 aka yi yarjejeniya ta shekara 1. A 1962 aka yi babbar, ta shekara 5.

Ga abin da ta ƙunsa, mu kwatanta da kasuwar gari. A ce wani baƙo yana kawo yadi mai araha, masu rumfa na gari suna ƙorafi. Sarkin kasuwa bai kore shi ba. Sai ya ce masa: bana turmi 100 kawai za ka shigo da shi, baɗi 105. Ko da mutane suna son turmi 1000, na 106 ba zai shiga ba. Haka ƙasa mai saye take yanka wa ƙasa mai sayarwa rabonta, tana ƙara mata 5 cikin 100 kowace shekara. Dalilin da aka bayar shi ne a ba masaƙun ƙasashe masu arziki lokaci su shirya.

To, jama'a, a nan labarin yake. Da shekara 5 ta cika a 1967, aka ce ba a gama shiri ba, aka ƙara shekara 3. A 1970 aka sake ƙara 3. Kafin nan yadin zaren roba ya cika duniya, ga shi kuwa yarjejeniyar ba ta shafe shi ba. Sai a 1974 aka yi sabuwa wadda ta fi ta faɗi, ta haɗa auduga, da ulu, da zaren roba. Ita ma shekara 4 aka yanka mata. Aka tsawaita ta a 1977, da 1981, da 1986, da 1991. Kamar mai bashi ne da kullum yake cewa sai kaka. Ƙasashen da suka fi kowa wa'azin a buɗe kasuwa, su ne suka tsare ƙofarsu a kan sana'ar da talakan ƙasa yake iya farawa da ita. Wannan ba adalci ba ne.

Sai a 1994, a birnin Marrakesh na Maroko, aka sa hannu a kan cewa za a warware ta sannu a hankali cikin shekara 10. Ran 1 ga Janairu 2005 rabon ya ƙare.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kwaya? Gaskiya ne ba don mu aka kafa wannan iyaka ba. A 1975 ma, Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Lome, wadda ta buɗe mana kasuwar Turai, kayan masana'antunmu su shiga ba kuɗin duwan. An buɗe mana ƙofa, amma ba mu da yadin da za mu shiga da shi. Masaƙar Sonitextil ta Yamai ko kasuwar gida ba ta ƙosar ba. Wasu kuwa sun ci moriyar rabon. Masu kuɗin Koriya da Honkon, da rabon ƙasarsu ya cika, sai suka kwashi injinansu zuwa inda ba a yanka rabo ba. Haka ɗinkin tufafi ya kafu a Bangaladesh da tsibirin Moris.

Mu abin da ya fi taɓa mu yana kudu da mu ne. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957. A 1964 masu kuɗi daga Honkon suka kafa UNTL a can. Kano ma ta yi nata masaƙun. Atamfarsu ta cika kasuwanninmu, ana sarinta a Kantin Kwari. Manomin auduga, wato kaɗa, yana da mai saye kusa da shi.

A cikin shekarun nan da ake jan yarjejeniya, ƙasar Sin tana ta gina masaƙu. Ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Da aka ɗage rabo a 2005, ba wanda ya iya karawa da ita wajen araha. A ƙasar Lesoto masana'antun ɗinki da dama suka rufe. A nan wajenmu atamfar Sin ta riga ta sami hanya: ta sauka a Kwatano, ta hau babbar mota zuwa Maraɗi ko Damagaram, ta ƙetara iyaka zuwa Katsina da Kano. A 2007 UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna, dubban mutane suka rasa aiki. Kada mu ɗora wa Sin laifin duka. Rashin wutar lantarki, da tsadar man inji, da fasa ƙwauri, duk sun taimaka.

Uwar da za ta aurar da ɗiya ta sami sauƙi, domin da kuɗin turmi ɗaya na da yanzu tana iya haɗa fiye da haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma tsohuwa mai kaɗi da mazari, da masaƙin gwado, da marini a bakin karofi, su kasuwarsu ta ƙara tsukewa. Manomin kaɗa kuma audugarsa sai ta ƙetare teku, ta dawo masa a yadi. Can ma farashi ba ya hannunsa, gama Amurka tana ba manomanta tallafi mai yawa. Shi ya sa a 2003, a taron Kankun na ƙasar Meziko, Benin, da Burkina Faso, da Cadi, da Mali suka haɗa baki suka nemi a daina wannan tallafi. Har yau ba a daina shi duka ba.

Ranar kasuwa, in kun je rumfar mai yadi, ku ɗaga gefen atamfa. Akwai rubutu a jiki. Ku karanta, amma ku tambayi mai rumfa inda ya saro ta, domin akwai mai ɗauke da sunan wata masaƙa alhali ba can aka yi ta ba.