A Buɗe wa Rufin Kwano Ƙofar Shan Iska

(Jawabi ga magidanta da magina na Kusa, Ƙaramar Hukumar Jibiya)

Wannan jawabi a kan ɗaki ne, da abin da ke sa shi zafi ko da an kashe masa kuɗi.

Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi zai ga kwano ya yi yawa. A da soro ake yi da azara. Laka mai kauri tana tare rana. Kwano kuwa da wuri yake ɗaukar zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40. Shi ya sa mai hali yake buga silin. Wani ma yakan shimfiɗa tabarma ko kwali a bisa silin ɗin.

To amma sai a ji maigida yana kuka, wai ya yi silin, ga shi har tsakar dare ɗaki bai huce ba. Ina dalili?

Tsakanin kwano da silin akwai sarari. Rana tana gasa iskar da ke ciki. Iska mai zafi sama take yi, tana neman mafita. In ta fita, mai sanyi sai ta shigo ta bakin rufi, inda kwano ya haɗu da bango. Waɗannan kafofi su ne ake toshewa. Magini yakan liƙe su da laka ko siminti saboda jemage da tsuntsaye da ƙurar hunturu. Wani lokaci tabarmar da aka shimfiɗa ce take rufe su. Daga nan zafi ya rasa hanya, sai ya sauko kan masu barci.

Ba zafi kaɗai ba ne. Da damina laima tana taruwa a ƙarƙashin kwano, ta ɗiga a kan silin. Katako ya jiƙe ya ruɓe, gara ta samu abinci.

Ga yadda za a yi gyara:

Na ɗaya, a leƙa cikin silin da safe, kafin rana ta yi ƙarfi. In ba a ga haske ta bakin rufi ba, kafofi sun toshe. Mai hawa ya taka katako, kada ya taka silin.

Na biyu, a janye tabarma ko kwali daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. A nesanta su da wayar lantarki saboda gobara.

Na uku, a buɗe kafofi a ƙasa ta bakin rufi, a buɗe wasu a sama kusa da ƙololuwa. Kafa ɗaya ba ta isa ba, sai da mashiga da mafita.

Na huɗu, a rufe kowace kafa da ragar waya. Iska za ta wuce, jemage ba zai wuce ba. A riƙa kakkaɓe ƙura bayan hunturu.

Yaya girman kafofin? Ƙa'idar gini ta Amurka ta ce murabba'in ƙafa 1 ga kowane murabba'in ƙafa 150 na silin. Ke nan ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana bukatar kimanin murabba'in ƙafa 1, rabi a ƙasa rabi a sama. A ɗan ƙara, don raga tana rage iska.

Wani zai ce guguwar farkon damina za ta shiga ta yaye kwano. Maganin wannan shi ne a ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko rodi, a buga ƙusa sosai.

In tsohon silin ne na asbestos, kada a fasa shi ko a huda shi. Ƙurarsa tana lahanta huhu.

A ƙarshe, kafar rufi ba ta maye gurbin taga. Sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani, a ɗaki mai cunkoso marar iska. A 1996 ya kashe mutum fiye da dubu 11 a Nijeriya, galibi a Arewa. Don haka a buɗe taga, a rage cunkoso, a yi rigakafi.

Lokacin gyara shi ne hunturu, kafin bazara ta kama. Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.