JAWABIN ƊAN TAKARARMU A KAN BURTALI DA MASHAYA

 

Yau maganar burtali na kawo muku. Kowa ya sani, in damina ta faɗi shanu su yi arewa, in rani ya yi su gangaro kudu. Da can suna da hanyarsu, an shinge ta da aguwa da bini-da-zugu. Manomi in ya gama girbi shi da kansa zai kira Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, a ba da hatsi a karɓi nono.

To, me ya ɓata wannan zama? Ruwa ba ya tsami banza. Jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan. Farin 1973 da na 1984 sun koro makiyaya zuwa wuraren da ba su san dagaci ba, shi ma bai san ardonsu ba. Baƙon manomi kuma ya tarar da fili ya share, bai san labi ne ba. Fadamun da shanu ke sha da rani duk an shuka albasa da tumatir. Jama'a, saniya ba ta da fiffike! In an toshe mata hanya, ko ta bi kwalta mota ta buge ta, ko ta faɗa gonar wani. Daga nan sai sanda, sai adda, sai marayu.

Ba doka ce babu ba. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. An ware fiye da 400 a ƙasar nan, amma yawancinsu ba a tabbatar da su a takardar gwamnati ba, aka yi ta cinye su. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filaye a hannun gwamna amana. Ke nan wanda kuka zaɓa shi ke da wuƙa da nama. Ku tuna, ƙuri'a ce ta kawo Abubakar Rimi da Balarabe Musa a 1979, suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna.

In kun ba jam'iyyarmu amana, ga abin da za mu yi da yardar Allah:

1. Za a auna kowane burtali a kafa masa turakun siminti, a gaban dagaci da ardo da sarkin noma.
2. Wanda gonarsa ta shiga burtali za a ba shi wata, ba za a kore shi hannu wofi ba.
3. Za a haƙa rijiyoyi da mashaya a bakin hanyar shanu.
4. Kowace shekara za a yi shelar ranar sakin shanu bayan an kwashe amfanin gona.
5. In an yi ɓarna, a kimanta a biya mai gona hakkinsa cikin mako guda, ban da cin hanci.

Ɓarawon shanu da ɗan bindiga kuwa ba su da ƙabila, hukuma ce maganinsu. Kada wani ya zuga ka ka ƙone rugar maƙwabcinka saboda laifin da ba nasa ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Ranar zaɓe ku fito da katinku, maza da mata, na ƙauye da na ruga. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.