Hanyar Birnin Mafaka a Buɗe Take

Ina gaida makiyayi da ke bakin rijiya tun kafin asuba, ina gaida 'yan kasuwa da ke jiran a ɗaga shinge su wuce da kaya. Sannunku da zafi.

Mu Kirista mun shiga Lokacin Azumi. Yana kamawa ne ranar Larabar Toka, ya kai mu Bikin Tashin Almasihu, wanda wasu ke ce wa Ista. In ka ƙirga kwanakin za ka samu 46, a cire Lahadi 6, saura 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi a jeji ba ci. Tokar da ake shafa wa mutum a goshi kuwa, ganyen dabinon bikin bara ne aka ƙona. Maƙwabtanmu Musulmi sun san nauyin azumi. A 2025 ma Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan kamawar Ramadan, sai ga gida biyu na azumi, katanga ɗaya ta raba su.

A ƙasarmu azumin nan da rani yake zuwa, ya kutsa cikin bazara. Kai makiyayi ba sai an gaya maka ba. Tafki ya ƙafe, an ƙara wa igiyar guga tsawo, haƙarƙarin shanu duk a waje, dusa da harawa sun yi tsada. A irin wannan lokaci zuciya ba ta da wuyar tashi. Cacar baki a mashaya, ko saniya ta faɗa lambun wani, sanda ta tashi, kafin a ce me jini ya zuba. Daga nan sai gudu, sai ramuwa, har ta hau kan wanda bai ji ba bai gani ba.

To, bari in ba ka labarin wani tsari da Allah ya yi wa Isra'ilawa, waɗanda su ma masu kiwo ne. Yana cikin Littafin Ƙidaya sura 35 da Littafin Joshuwa sura 20. An keɓe birane 6, aka kira su biranen mafaka. Kedesh da Shekem da Hebron suna yamma da Kogin Urdun, Bezer da Ramot da Golan suna gabas. Ka lura, kowane ƙetare yana da nasa uku, don kada kogi ya tare mai gudun ceton rai. Kuma ba ɗan ƙasa kaɗai aka yi wa ba, har baƙon da ke zaune a cikinsu yana da haƙƙin shiga.

Wa ke gudu can? Wanda ya kashe mutum ba da niyya ba. Misalin da aka bayar kamar a dajinmu aka yi shi: mutum biyu sun tafi saran itace, gatari ya kwaɓe daga ƙota, ya sami ɗayan, ya mutu. Dangin mamaci sun taso da zafin rai. Sai mai gatarin ya ruga birnin da ya fi kusa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗa wa dattawa abin da ya faru. Su shigo da shi, su ba shi masauki, ba mai taɓa shi sai jama'a sun zauna sun yi shari'a. In an tabbatar kuskure ne, zai zauna a birnin har ranar da babban firist ya rasu, sannan ya koma gida ba mai binsa bashin jini.

Ɗan'uwa, haka ƙaunar Allah take. Tun kafin gatari ya kwaɓe an riga an gina birnin, an gyara hanyar zuwa. Mu Kirista mun gaskata Yesu ne Babban Firist ɗinmu, kuma mutuwarsa, wadda za mu tuna ranar Juma'ar ƙarshe ta azumin nan, ita ce ta sallame mu. Har ma ta wuce tsarin dā, domin wancan birni mai kuskure kaɗai yake karɓa, amma Allah yana karɓar wanda ya yi da gangan in ya tuba.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ba a shiga birnin sai an tsaya a ƙofa an faɗi gaskiya. Wanda ke son inuwar Allah alhali yana ɓoye ɓarnarsa, kansa yake ruɗi. Kai da ka kora garke cikin gonar wani da dare, ka san gonar. Ka nemi arɗo ko mai gari ya raka ka, a kimanta ɓarna, ka biya. Kai mai canji, da ka ga baƙauye bai iya lissafin naira da sefa ba ka danne masa, ka san fuskarsa, zai sake zuwa ran kasuwa. Ke mai awo, in tiyarki biyu ce, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa, ki ajiye ɗaya. Barin nama ranar Juma'a abu ne mai kyau, amma ya fi mayar da haƙƙin wani sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba zan yaudare ka in ce wanda ya fake ga Allah saniyarsa ba za ta mutu ba, ko ba za a tare motarsa a hanya ba. Da yawa cikinku kun yi asarar da baki ba zai iya faɗa ba, wasu an kora muku garke ɗungum, wasu kun binne 'yan'uwa. Abin da Allah ke tsare maka shi ne zuciyarka, kada baƙin ciki ya mai da kai abin da ka tsana. Wanda aka sace wa shanu ya je ya huce a kan maƙwabcin da ba ruwansa, ka ga ya yi asara biyu ke nan.

Akwai kuma aikin da ke kanka. Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san darajar fatoma, wanda zai sauke ka, ya adana kuɗinka, ya tsaya maka in rigima ta taso. A azumin nan ka zama wa wani fatoma. Abin da ka rage na abinci, ka kai wa wadda mijinta ya tafi kiwo kudu bai aiko ba. In baƙon makiyayi ya iso rijiyarku da rana tsaka, a ba shi layi ya shayar, kada a tambaye shi addininsa ko takardar ƙasarsa. In kuwa wani ya ruga gidanka ana binsa da makami, ka rufe ƙofa, ka aika a kira hukuma da dattawa, a bar shari'a ta yi aikinta.

Kafin ka kwanta yau, ko a ruga kake ko a tasha, ka faɗa wa Allah abin nan da kake ta gudu da shi, da sunansa, kada ka yi kwana-kwana. Gobe da safe kuma ka nemi mutumin.

Allah ya tsare ku da dabbobinku da dukiyarku, ya kawo mana damina lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.